Hannun Yaya Moussa

Manfuha, Riyad
3 ga Sha'aban

Zuwa ga maiɗakina Zouera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da Hanifa da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, aikin famfo yana tafiya.

Na zaɓi in rubuto miki ta hannun wani ɗan Damagaram da zai taho gida, domin mu shida ne a ɗaki, duk abin da na faɗa a waya kunne goma ne ke ji.

Yayanki Moussa ba shi da lafiya, kuma abin ya fi yadda yake gaya muku. Wata biyu ke nan ciki yana murɗa masa, sai ya kwana huɗu bai zaga ba. Ya rame, ya yi fari, ga saurin fushi da ba halinsa ba. Makon jiya hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu, ya kasa riƙe sitiyari, kamfanin ruwan da yake yi wa tuƙi suka ce ya huta. Na kai shi asibiti, an ɗebi jininsa, muna jiran sakamako.

Na ji saƙonki cewa Inna na zargin Baba Yahuza maƙwabci da yi masa asiri saboda rigimar iyakar gonar nan. Ki ba ta haƙuri, ki ce ta dakata tukuna. Ban san me zan ce ba fiye da haka yanzu.

Ki shafa mini kan Hanifa.

Naki,
Almustafa

Manfuha, Riyad
21 ga Sha'aban

Zouera,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin Hanifa ya sauka, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Da kika ce mini Inna ta tsaya a ƙofar Baba Yahuza ta faɗa masa maganganu a gaban jama'a, har tsohon ya daina zuwa masallacin unguwa, na kasa cin abinci ranar. Zouera, babu hannun Baba Yahuza a ciwon nan. Hannuna ne. Ki karanta wannan takarda ke kaɗai.

Sakamakon jini ya nuna gubar dalma ce ta taru a jikin Yaya Moussa. Likitar, wata 'yar Sudan, ta ɗaga leɓensa ta nuna mini wani baƙin layi a dasashinsa. Ta tambaya ko yana kankare tsohon fenti, ko gyaran batir, ko yana sa kwalli. Duk ya ce a'a. Ni ina tsaye a gefen gado na sunkuyar da kai, domin tun da ta ambaci dalma na san inda ta fito.

Shekara biyu da suka wuce, wani Nu'uman mai gadin wani gidan hutu a bayan gari ya taimake ni lokacin da nake neman sauya kafil, wato ubangidan da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, take hannunsa. Daga baya ya roƙe ni in haɗa masa tukunya da bututu, wai zai riƙa tatsar ruwan wardi. Da na shiga ɗakin na ji warin ruɓaɓɓen dabino a cikin robobi, na gane giya yake yi. Na gane sarai, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na ji nauyin alherin da ya yi mini, ban iya ce masa a'a ba.

A lokacin muna rushe wani tsohon gida a unguwar Al-Murabba. Daga can na kwaso tsofaffin bututu, da duron da aka gama amfani da fentin cikinsa, da wani naɗin dalma irin ta da. Da ita na liƙe duk mahaɗun. Na san an hana sa irin wannan dalma a bututun ruwan sha, tun ina koyon aiki aka gaya mini. Mai kyau tana nan a shago, tafiyar minti goma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na faɗa a zuciyata ina riƙe da wutar liƙi: ai mashaya ne za su sha, me ya dame ni da cikinsu. Na ɗauki kaina na fi su, alhali ni ne nake haɗa musu tukunyar.

Ranar da zan kai kayan, Yaya Moussa na roƙa ya kai ni a motarsa. Ta haka ya san wurin. Ban taɓa zaton ya koma ba. Sai bayan likita ta fita ya kama rigata da hannun hagu ya gaya mini cewa tun rasuwar ɗansa Rabilu, da ya kasa zuwa jana'iza saboda takardu, yake zuwa can ya sha duk Alhamis. Ya yi kuka, ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa a gida. Shi yana jin kunyata, bai san ni ne ya kamata in ji tasa ba.

Kwana uku ina kai da komo. Kin san hukuncin wannan abu a ƙasar nan, ana iya kama mu duka a kore mu. A rana ta huɗu na tare likitar a baranda na gaya mata komai da guntun Larabcina. Na zaci za ta kira 'yan sanda. Ta dube ni kawai ta ce, "Mutum nawa ne suke sha daga tukunyar nan?" Na ce ban san adadinsu ba.

Na karya alkawarin yayanki da na gaya miki. Na yi ne domin ba zan bari tsoho ya ci gaba da ɗaukar laifina ba. Ki ce wa Inna likita ta gano guba ce daga kayan gini, kuma ni na jawo. Wannan gaskiya ne. Sauran ki riƙe a cikinki, don Allah.

Idan kin ga ba za ki iya amsa wayata ba kwana biyu, zan fahimta.

Mijinki,
Almustafa

Manfuha, Riyad
9 ga Shawwal

Zouera,

Assalamu alaikum. Barkanku da sallah, Allah ya maimaita mana. Na ga hoton Hanifa da lallenta, ta yi girma. Ki gaishe da Inna, ko da ba ta son jin sunana yanzu.

Kwana goma sha ɗaya kika yi ba ki ɗauki wayata ba, na ƙirga su. Da kika ɗauka, abin da kika fara tambayata shi ne ko na ci abinci.

Na koma wurin Nu'uman da rana tsaka, da zarton ƙarfe a jakata. Na yi masa bayani, ya yi dariya, ya ce shi ma yana sha ga shi garau. Na ce ya buɗe baki ya duba madubi. Da ya dawo ya zauna a kan bulo yana kallona na yanka bututun gunduwa-gunduwa, na huda duron. Na roƙe shi ya gaya wa masu saye su je a auna jininsu. Ya ce bai san sunan rabinsu ba, wasu ma sun bar ƙasar. Waɗannan mutane suna nan a wuyana, Zouera. Wani yana can garinsu cikinsa na murɗawa, danginsa suna zargin wani maƙwabci.

Na kira Baba Yahuza ranar sallah na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe, ya tambayi jikin Moussa, ya ce a gaya masa ya sa yaransa sun share masa gonar kafin damina. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Shi ma Yaya Moussa na gaya masa batun dalmar, har da abin da na faɗa a raina ranar. Na kuma gaya masa kin sani. Ya juya fuska bango. Duk azumi ina kai masa kunu da dabino asibiti, yana karɓa ba ya kallona. Daren sallah ne ya ce in yanke masa farce, tunda shi ba ya iyawa. Ban san ko yafiya ce ba, ban kuma tambaya ba.

An yi masa maganin da ke fitar da gubar, cikin ya lafa, ya fara cin tuwo. Hannun ne likita ta ce yana iya dawowa a hankali, yana iya tsayawa haka. Tuƙi dai ya ƙare, kamfanin sun sallame shi, zai taso ranar ashirin ga wata. Akwai takardar likita a aljihun jakarsa, ku kai shi asibitin Zinder a sake auna jinin bayan wata ɗaya. Kada a bari a tsaya a rubutu da hayaƙi kaɗai.

Abu ɗaya nake roƙonki. Idan ya iso, mutane za su cika gidan. Kada ki bari a miƙa masa kofi a hannu a gabansu. Ki ajiye masa a ƙasa ta hagunsa, ki kawar da kai har ya ɗauka. Ba ya son a ga yana zubarwa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai neman afuwarki,
Almustafa