Abin da Ya Hana Ni Kiran Inna

Jidda, 9 ga Oktoba

Yaya Mudi,

Assalamu alaikum. Yaya Inna, yaya Nana Aisha da yara? Ina fatan masarar bana ta yi kyau a Bakori. Allah ya sa albarka.

Ka ce Inna tana fushi don na daina kiranta. Ba aikin gidan Larabawa ya hana ni ba, Yaya. Ciwon dajin nan na nono ne ya tara mini ruwa a ƙirji, ya danne huhu. Ka san gaisuwar Inna: sai ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu kai rabi na fara haki, ita kuwa kunnenta ba ya kuskure.

Sau biyu ana zuƙe ruwan da allura, yana dawowa. Likita ta ce in zaɓa: ko a bar mini roba a haƙarƙari, in riƙa sayen kwalaben zuƙa masu tsada, ko a zuba wata hoda mai araha sau ɗaya, ta manne huhun da ƙirji. Na zaɓi hodar. Na sha zafi kwana biyu, amma da sauƙi, alhamdu lillahi. Ba ta kashe ciwon, numfashi kawai take ƙara mini. Saboda haka kada ka taɓa gonar Baba domina, na ji kana shirin sayar da ita.

Ran Juma'a zan kira Inna, in sha Allahu. Ka zauna kusa da ita. In ka ji na yi shiru, ka karɓi wayar ka ce sabis ne ya ɗauke.

Ƙanwarka,
Shafa'atu