Waƙoƙin Baba Suna Cikin Kwamfutar

Kafanchan, 3 ga Agusta, 1998

Abokina Sajo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Zariya, yaya mahaifiyarka Nene?

Na samo wani babban wasan yaƙi na kwamfuta, CD biyu, amma kwamfutar gidanmu ta ƙi shi. Wai don tsarin Windows aka yi shi, kai kuwa tsarin Linux ka sa mana. Wani mai gyara a bakin tasha ya ce zai share komai ya sa Windows, aikin awa ɗaya. Ni dai raina ya biya.

Naka,
Luke

Zariya, 7 ga Agusta

Luke,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Don girman Allah kada ka bari ya taɓa injin nan! Ka manta abin da ke ciki? Waƙoƙin sujada na harshen Jju da Babanku ya tsara. Littattafansa sun ƙone a shekarar tamanin da bakwai, ya riƙa rerawa da ka, yayarka Afiniki tana bugawa a kwamfutar, har ya rasu. Babu su a ko'ina sai nan.

Ga ƙananan fayafayai biyar na ba direban mota ya kawo maka. Sunan abin da ke cikinsu Wine, tafinta ne tsakanin wasan da Linux. Sabo ne, yana tuntuɓe, sai ka yi haƙuri da shi. Kafin komai, kwafi waƙoƙin a faifai ka aiko mini in adana. Na san gaggawarka tun muna firamare, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Ka huta lafiya,
Sajo

Kafanchan, 16 ga Agusta

Sajo,

Salama. Tafintan naka kurma ne. Hoto ya fito, babu sauti, soja ya ɗaga ƙafa ɗaya ya daskare. Kwana biyar ina fama.

Kada ka yi faɗa, na bi maganarka. Na kwafi waƙoƙin tukuna. Ƙananan fayafayai sun ƙare, sai na sa a babban faifan nan mai laushi. Ga shi tare da wasiƙar nan, na haɗa su da kyau yadda muke yi wa fayil a ofis, don kada direba ya yar. Jiya mai gyara ya share injin. Wasan na gudu kamar ruwa!

Afiniki tana Zonkwa, ran Jumma'a za ta dawo. Ƙungiyar mawaƙan coci na jiran waƙoƙin don bikin tunawa da Baba. Ka maido faifan kafin nan, ba sai ta ji ba.

Naka,
Luke

Zariya, 18 ga Agusta

Luke,

Faifan ya iso. Fil biyu ka buga masa da sitefilar maƙale takardu, ta tsakiya. Na gwada a inji uku, ko layi ɗaya bai buɗe ba.

Kashe kwamfutar yanzu, zare wayarta daga bango. Duk wasan da ka buga, a kan abin da ya rage na waƙoƙin yake rubutu. Ina tafe ran Alhamis in ga ko da abin tsinta. Ban yi maka alkawari ba.

Afiniki kuwa, da bakinka za ta ji. Zan tsaya kusa da kai.

Sajo