Majigin da Ya Ci Min Makullin Mota

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Mamanki tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi. Takarda na zaɓa domin a waya ba kya barina in kai aya.

Yau kwana huɗu ke nan da kika zare makullin motata daga ƙusar bayan ƙofa kika jefa a jaka, kina yi min irin murmushin da kike wa marasa lafiya a asibitinku. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da tuƙi. Ke kanki a gefena kika koya, kuma ban manta bishiyar da kika runguma a mako na biyu ba.

Mu bi laifin nawa dalla-dalla. Kin aiko mana majigi na zamani mai hasken leza, wanda ake ajiyewa a kan tebur dab da bango ya cika shi da hoto. Kika ce mamanki ta kalli fina-finanta, ni kuma in jona sitiyarin wasan tseren mota da ɗalibaina suka ba ni da na yi ritaya. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Amma tun ranar farko nake ganin ja da kore da shuɗi suna gilmawa a gefen hoton kamar guntun bakan gizo. Na faɗa, mamanki ta ce ita ba ta ga komai ba. Ranar da kuka zo kuma, a wasan, na daki katanga sau biyar a kwanar da nake shanyewa lafiya lau a tsohuwar talabijin ɗinmu. Mijinki ya kalle ki, kika kalli mamanki, aka yanke min hukunci ina zaune: ido ya tafi, hannu ya mutu.

Raina ya ɓaci, kuma ban yarda ba. Na san lokacin da nake juya sitiyari, motar ce take biyo ni a makare. Zan nemo inda matsalar take, ko kin so ko kin ƙi.

Ki shafa min kan yara.

Babanki.

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya tarin ƙaramar? Mu muna nan lafiya, sai dai mota tana tsaye tsuntsaye suna ta yi mata ado.

Jiya na naɗe majiginki da sitiyarina a bargo na tare tasi zuwa shagon da kika saya. Direban tsohon ɗalibina ne. Ya tambaye ni ina motata, na ce tana hutu. Ya sha kwana ba sigina, na haɗiye maganata, domin wanda aka ƙwace wa makulli ba shi da bakin gyara wa wani tuƙi.

Mai shagon mutumin kirki ne. Ya ja labule, ya jera min majigi uku, ya bar ni na jona sitiyarina a kowanne. A nan na ji abin da ba ki tsaya kin tambaya ba. Irin naki ba ya jefo launuka tare. Ɗaya bayan ɗaya yake jefo su da sauri, ido ya haɗa. Yawancin mutane ba sa lura, amma mai yawan wurga ido gefe da gefe yakan kama su a rarrabe. To wa ya kai ni wurga ido? Shekara talatin ina duba madubin dama, madubin hagu, madubin tsakiya, ina tsawata wa ɗalibai su yi haka. Ko fim nake kallo idona bai daina ba. Abin da kuka kira cuta, sana'ata ce.

Sai maganar katanga. Ya ce naki yana tsayawa ya gyara hoto ya ƙawata shi kafin ya nuna, kuma wannan ɗan jinkirin ba ya damun mai kallon fim, amma mai tsere ya riga ya shiga rami. Na biyun ƙarami ne, yana bin hannu nan take, sai dai bakan gizonsa ya fi na naki yawa, minti goma kaina ya fara sarawa. Na ukun ƙato ne mummuna mai ƙwan fitila, sai an rataye shi a silin daga bayan falo. Yana jefo launuka ukun a tare. Fankarsa tana huci, baƙinsa ya fi kama da toka, ƙwansa zai mutu wata rana a canza, kuma duk wanda ya gilma sai inuwarsa ta hau bango. Da shi na zagaye filin tseren sau goma sha biyu ban taɓa katanga ba. Mai shagon ya ɗauke ni bidiyo a waya, zai turo miki.

Na zaɓi mummunan, na bar masa naki. Na san nawa bai kai naki kyau ba, kuma na san za ki ji zafi, ki yi haƙuri. Mamanki tana ta mita wai yanzu duhun fim ɗinta ya zama hazo, kuma kullum ta tashi kawo ruwa sai kanta ya rufe min hanya. Na ce ta riƙa sunkuyawa, ta ce a gidan mijinta ba ta sunkuya wa fitila.

A gaida maigidanki, a ce masa na ga kallon nan.

Babanki.

Zuwa ga Uwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki fatan lafiya da kwanciyar hankali. Saƙonki ya iso ta bakin mamanki: wai wasa daban, titi daban, kuma tsoro kike ji kada wata rana a kira ki a waya. Wannan na ji shi har cikin raina.

Bari in faɗa miki abin da ko mamanki ban faɗa wa ba. Ni ma na tsorata. Ranar da kika tafi da makullin na zauna a falo ina rufe ido ɗaya ina buɗe ɗaya, ina karanta kalandar bango. Shekaranjiya na kai kaina wurin likitan ido, ba na asibitinku ba, don kada a ce an yi min alfarma. Ya ɗiga min magani, ya haska, ya sa na karanta har layin ƙasa. Ya ƙara min ƙarfin tabarau na karatu, ya ce in dawo bayan shekara. Takardarsa tana cikin ambulan ɗin nan, kin fi ni iya karanta rubutun likitoci.

Na sha cire ɗalibi daga kujerar direba, har da masu furfura, kuma ban taɓa yin haka ba sai na zauna a gefensa na ga tuƙinsa. Abin da nake nema a wurinki ke nan. Ki zo ranar hutunki ki zauna a gefena, ki zaɓi titin da kika ga dama. In kin ga abin da bai yi miki ba, makullin naki ne, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. Amma ba za a sauke ni daga mota saboda na'urar da take makara ba.

Abu na ƙarshe. Akwai makulli na biyu a gwangwanin zare da allura na mamanki, yana nan tun ranar da na sayi motar. Mako uku ke nan ina shiga tasi ina kallon ɗalibaina suna shan kwana ba sigina, ban taɓa shi ba. Wanda kika ɗauka nake so, kuma daga hannunki.

Sai kin zo. Ki taho da yara su ga kakansu yana tsere, amma ki gaya musu su riƙa sunkuyawa.

Naki har kullum,
Babanki.