Kujerar Bayan Dattijo

Akokan, ranar Litinin

Daga ofishin Babban Daraktan Tsofaffin Motoci na Jihar Agadez baki ɗaya, har da Dannet da rijiyoyinta, zuwa ga Malama Siddiƙa Ɗalhatu, unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara, da jikin mahaifinki Malam Ɗalhatu. Allah ya sa tarin ya yi sauƙi, amin. Mu nan ofis lafiya lau, sai zafi da yawan aiki.

Labari ya iso teburinmu cewa kin aiko wa ƙanenki Zainulabidin umarni uku: ya kai moton mahaifinku, wato babur ɗinsa, wurin masu sayen ƙarfe a kilo, ya miƙa wa mai gidan haya makulli ƙarshen wata, ya hau mota ya koma Damagaram. Biyun ƙarshe ba mu da ta cewa. Tun da aka rufe ramin ma'adinan Akokan, shekara uku ke nan, garin kullum raguwa yake. Layinku gida bakwai ne, yanzu biyu kaɗai ke hura wuta. Shi ma yaron, aikin dako ya ƙare masa, tun da masu kayan da ake ɗauka sun tafi. Ya koma, ba laifi.

Amma maganar moto ta shafi hukuma. Wannan Yamaha da ake kira Dattijo ya girme ki da shekara biyu. Shi ya kai mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, likita ranar da za ta haifi wancan ɗan banzan. Doka ta hana a ɗora irinsa a sikeli kamar albasa.

Mun je da kanmu mun duba shi a ɗakin kwanon nan na bayan gida da yaron ke kira garaji. Gaskiya jikin ya yi tsanani. Ɓera ya ci wayoyi, akuyar maƙwabta ta ci sirdi, tanki ya yi tsatsa har ana iya shuka gero a ciki. Duk da haka likitocinmu sun ce zai tashi.

Mun kuma ji kin kira wayar yaron sau goma sha ɗaya ba ta shiga. Kada hankalinki ya tashi. Wayar ta tafi aikin ƙasa. A madadinta an samu fistan na hannu, da buji biyu, da robar taya. Saboda haka daga yau takardunmu za su riƙa zuwa ta hannun direban da ya ba ki wannan.

Aikin farko an gama shi. Kin tuna katakon nan da mahaifinku ya kafa a bayan moton da ƙusoshi, wanda duk Akokan ke yi masa dariya suna cewa Ɗalhatu ya sato bencin lakwal, na 'yan makarantar boko? An cire shi. An ba mai shayin bakin hanya, ya dafa butoci biyu da shi. Kowa a garin nan yana da kujerar baya ta ƙarfe, shi kaɗai ya maƙale wa itace shekara da shekaru, ba wanda ya san dalili. Hukuma za ta yi masa abin da ya dace da mutuncinsa.

Muna neman kwana ashirin. In bai tashi ba, mu da kanmu za mu tura shi zuwa sikeli. Kada mahaifinki ya ji wannan magana tukuna.

Ki gaida kowa da kowa. Wassalam.

Babban Darakta
Ga hatimi a ƙasa.


Akokan, ranar Alhamis

Zuwa ga Malama Siddiƙa, daga ofishin da kin sani.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya da mai jiki? Da fatan yara suna lafiya, maigida yana lafiya. Allah ya ƙara wa Malam Ɗalhatu sauƙi.

Direba ya kawo mana saƙonki na baka. Ya ce kin ce a gaya wa Darakta ya riƙa cin abinci, kuma ya daina buga hatimi da baƙin mai don yana ɓata miki hannu. Mun ji na farkon. Na biyun sai an yi taro.

Ya kuma ce mahaifinki bai leƙa ko zaure ba tun bayan salla, wai ko masallacin Juma'a ya gagara, don numfashi ba ya kai shi. Wannan labarin ya hana ofis aiki wuni guda.

To ga rahoto. Kwana goma sha ɗaya ke nan yaron yana cikin ɗakin kwanon nan, kin kuwa san yadda yake da rana, kamar an kife mutum da tukunya. Tankin, tsakuwa aka zuba masa da kalanzir, aka yi ta girgiza kwana biyu har kafaɗu suka mutu. Karbirata an warware ta sau huɗu. A na ukun wani ɗan ƙaramin noti ya faɗa cikin rairayi, aka yi ta tankaɗe ƙasa da rariyar da kika bari a madafa, daga azahar har la'asar. An same shi. Rariyar kuma sai dai haƙuri.

Sirdi ya samu. Fadimata, matar Ismaghil abokin aikin mahaifinku, ita ta ɗinka shi da jar fatar akuya, ta sa masa geza koriya irin ta jakar Buzaye. Ta ƙi karɓar komai. Ta ce Ɗalhatu ya sha kai 'ya'yanta likita a kan wannan moto, a bar maganar. Fenti kuwa ragowar na ƙofar wani shago ne da aka rufe, shuɗi, ya ishi tanki da rabin murfin taya. Ɗayan rabin za mu ce ado ne.

Jiya Laraba ya tashi. Sai da aka buga ƙafa sau arba'in da wani abu, ƙwaurin yaron ya kumbura, sannan Dattijo ya yi atishawa biyu, ya kama. Wallahi muryar nan ce, ba ta canza ba, wadda kuke ji tun daga kwanar masallaci ku ruga ku ɓoye abin da kuka ɓata. Wani ma'aikacinmu da ke wurin ya ce ya ga yaron ya zauna a ƙasa yana share ido. Mun bincika, hayaƙi ne.

Saura babban abu. A kasuwar ƙarafa ta Arlit an dace da wani bututu, kaurin hannun yaro, fari ƙal, irin wanda ba ya tsatsa, tsawonsa kamu biyar. Jika biyu kacal, sefa dubu biyu. Mai kayan ma kamar yana neman kai da shi. An yanka shi da zarto, an lanƙwasa a gindin bishiya, an ɗaure da notuna. Yanzu Dattijo yana da kujerar baya mai majingina, da hannu dama da hagu, tana ƙyalli kamar ta likitan haƙori. Wanda ba shi da ƙarfin riƙe direba zai zauna ya jingina, ba zai faɗi ba. Daga Birni zuwa masallacin Juma'a a hankali, minti nawa ne? Kin gane abin da hukuma ke nufi.

'Yan kabu-kabu har tsayawa suke su taɓa ta. Ɗaya ya ce a yi masa irinta. An ce ya rubuto takarda.

Mun gaji, Malama, ba ma ɓoye miki. Hannu duk ya tsage, garin kwaki ya fita ran ofis. Amma saura kaɗan.

Ki gaida mai jiki, kada ki ce daga wa. Wassalam.

Babban Darakta


Akokan, ranar Talata

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da yara, da maigida. Yaya jikin Malam Ɗalhatu? Allah ya ba shi lafiya, amin.

Wannan takarda ba ta da hatimi. Ofis ba ya cikin daɗi.

Ranar Asabar da hantsi Ismaghil ya zo ganin sirdin da matarsa ta ɗinka. Ya tsufa, yana jan ƙafa. Ya shigo yana dariya, ya shafa tanki, ya ce Dattijo ya yi aure. Da idonsa ya kai kan kujerar sai dariyar ta tsaya. Ya tambayi inda aka samo bututun. Aka gaya masa, har da alfahari, har da jika biyun. Sai ya juya ya fita.

Bayan kamar awa guda ya dawo da ɗan akwatin awon nan. Kin san a rami aikinsa ke nan, auna zafin uraniyum, yanzu ma yana taimakon wata ƙungiya da ke bin gidaje tana auna tukwane da ƙofofi. Ya kai akwatin kan tanki, shiru. Kan inji, shiru, sai ɗan ƙyas-ƙyas jefi-jefi. Ya kai shi kan majingina, daidai inda bayan mutum zai kwanta, sai abin ya fashe da kuka kamar gyare ɗari a cikin tulu.

Ya ce, “Ɗan Ɗalhatu, wannan ƙarfe ya sha ruwan ma'adinai. Da me ka yanka shi?” Aka ce da zarto. Ya ce, “Ka rufe hanci?” Aka ce a'a. Ya ce, “Ina katakon ubanka?” Aka ce an ba mai shayi.

Sai ya zauna a kan tsohuwar taya ya ba da labarin da ba a taɓa ba mu ba. Ya ce shekarun da kowa ke kwasar ragowar ƙarafan aiki yana yin gado da murhu da ƙyaure, don arha da kyau, mutum ɗaya ne a layinsu ya ƙi, shi ne Ɗalhatu. Ya ce maganarsa kullum ita ce: ƙarfen da ya sauka rami ba ya shiga gidan da yara suke. Shi ya sa yake tuɓe takalman aiki a waje. Shi ya sa gadonmu na kara ne, muna jin kunyar abokai. Da kujerar moton ta asali ta karye, aka kawo masa bututu kyauta har gida, ya mayar, ya je ya nemo katako, don mu ne masu zama a kai. Shekara goma sha tara ana kiransa mai benci, bai taɓa tanka wa kowa ba.

Yaya Siddiƙa, na gaji da wannan Darakta.

Ni ne. Zainu ne. Na san kin sani tun layin farko. Wane darakta ne ke rubutu da ajami, da tawadar allo, a bayan takardar siminti? Hatimin ma murfin kwalbar lemo ne. Na yi ne don in na rubuto da sunana za ki ce Zainu ya fara, ki ninke takardar ki tura ƙarƙashin tabarma. Na ce bari in sa ki dariya tukuna, ko kya ba ni kwana ashirin. Kin ba ni, na gode.

Ga abin da na yi da su. Baba ya yi shekara ashirin da bakwai yana hana ramin nan biyo shi gida. Ya shiga ƙirjinsa, wannan ba yadda zai yi, amma bai bar shi ya taɓa mu ba. Ni kuma na je na sayo shi da jika biyu, na goge shi da tsumma har yana ƙyalli, zan kawo masa har Birni in ce ya jingina. Katakon da ya kare mu da shi kuwa na ba mai shayi.

Na tambayi Ismaghil ko ni ma na kamu. Ya ce kwana goma ba shekara ashirin ba ne, in bar tsoro, amma in na iso in je likita a duba ni, in faɗi gaskiya. Ya sa na ɗaure hanci da rawaninsa, muka kwance kujerar, muka share ƙasar da garin ƙarfen ya zuba muka zuba a buhu, mutanen ƙungiyarsu suka zo suka tafi da duka. Ya sake bin moton da akwatinsa tun daga fitila har lamba. Shiru. Ban taɓa jin daɗin shiru irin na ranar ba.

Jiya na cire ƙyauren garajin, na katako ne, Baba ya yi shi da hannunsa, mai gida ya ce in ɗauka. Na yi kujera da shi. Ba ta da kyau, Yaya. Majinginar ta ɗan karkace hagu, ƙusoshin ma tsofaffi ne na miƙe su da dutse. Na ɗora buhun siminti a kai na zaga layi sau uku, bai faɗi ba. 'Yan kabu-kabun da suka taɓa waccan sun gan ni, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, “Kai jama'a, ɗan mai benci ya gaji ubansa!” Na ɗaga masa hannu.

Na miƙa makulli yau da safe, ina kwana gidan Ismaghil. Jibi akwai kamiyon, babbar motar kaya, da zai sauka Damagaram ba kaya, direban ya yarda ya ɗauke mu ni da Dattijo in na taya shi lodi a Agadez. In Allah ya yarda Asabar muna tasha.

Abu biyu nake roƙo. Ranar, bayan la'asar, ki lallaɓa Baba ya fito zaure, ki ce iska ce. Daga kwanar layi zan tayar da Dattijo, ina so ya ji muryar kafin ya gan mu. In ya ƙi tashi zan turo shi, kada ki yi dariya a gaban yara.

Na biyu, maganar bututu da katakon mai shayi, kada ki riga ni. Ni zan faɗa masa da bakina, in ya zauna a kan kujerar tukuna.

Ki gaida maigida da yara. Ki ajiye mini tuwo, ko na jiya ne.

Ƙanenki da ya gaji,
Zainulabidin, ɗan mai benci.