Ciniki da Allah a Kan Ishaya

Talata Mafara, daren Alhamis

Yau azumina ya karye. Tun ranar da mutanen daji suka tare mota a hanyar Maradun suka shige da mijina Ishaya, na yi wa Allah alkawari: azumi kullum, ba faɗa, ba gulma, har ya dawo. A raina, in na gyaru sosai, Allah zai duba ya sa a sako shi.

Da rana ina wanki jiri ya kwashe ni a bakin rijiya. Na farfaɗo na iske Inna Tumba, maƙwabciyata, tana ba ni kunu a baki. Na shanye tas. Bayan nan kuma na daka wa ɗiyata Rahila tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A wuni ɗaya na rushe komai.

Da la'asar na je wurin Mama Saratu, matar fasto, ina kuka, na ce na jawo wa Ishaya. Ba ta ko daina tsintar shinkafarta ba, ta ce, "Rifkatu, kin mai da Allah kamar mutanen dajin? Ki biya, shi sako? Mi kinka biya kafin ya ba ki Ɗanai Yesu?"

Na ji haushinta, gaskiya. Har yanzu da sauran haushin, don cinikin ya fi mini sauƙi. Ko ba komai, ina da abin yi.

Na ci tuwo. Waya na nan gefen matashi, ba su kira ba.

Ya Yesu, hannuna ba komai. Ka dawo mini da shi haka nan.