Bakwai Mai Ɗamara a Cikin Ganga

Manang Pilar, babbar yaya mai ba masu rubuto wasiƙa shawara, ki taimake ni. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a cocinmu ba tare da ta riga ni isa gida ba.

Asabar ta biyu a watan jiya komai ya juye mini. Na kai wa mijina Rodel abincin rana a ɗakin da suke gwajin waƙa a bayan coci. Shi ne mawaƙin ƙungiyar Dutse Mai Rai, masu yabon Ubangiji da kiɗan rok, na san ko a rediyo kin taɓa jin su. Na tarar ba kowa, sun fita shan iska. Babbar gangar Manong Eking, dattijon da ya kafa ƙungiyar kuma yake kaɗa mata ganga har yau, tana kwance a ƙasa. Fatarta ta yage an cire ta, cikinta a buɗe.

Sai na yi miki bayanin gangar nan. Shekara ashirin da shida ke nan da kafa ƙungiyar, kuma duk wanda ya shiga sai a cire fatar, ya rubuta sunansa da ranar shigarsa a jikin katakon da hannunsa. In ya tafi, a sa rana ta biyu a gefe. Suna goma sha bakwai ne a ciki. Mawaƙin farko ya tafi aikin jirgin ruwa bai dawo ba. Na biyu ya zama fasto a tsibirin Mindanao bayan wata rigima da har yau ba mai son tayar da ita. Akwai mai jita da ya rasu, an zana masa ƙaramin gicciye. Cikin waɗanda suka fara, Manong Eking kaɗai ke da rana ɗaya har yau.

Na daɗe ina jin labarin amma ban taɓa gani ba. Na durƙusa na leƙa, ina murmushi, ina son ganin sunan mijina. Na gan shi. Na kuma ga rana ta biyu a gefensa, Manang, ranar da ba ta ma zo ba: 27 ga Nuwamba, ranar babban wasan cika shekarar ƙungiyar.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Sai na ji muryar Manong Eking a bayana: "Inday, 'yata, me kike nema a cikin gangata, ko kin ɓoye busasshen kifi ne?" Ya yi dariya, amma ya yi sauri ya ja fatar ya rufe. Mutumin da ba ya ɓoye komai, me zai sa ya yi sauri haka?

Shekara tara Rodel ya ba mutanen nan. Lokacin da ya karɓi makirufo ba wanda ya so shi. Tsoffin masoyan ƙungiyar suka ce muryarsa ta yi siriri, wata tsohuwa ta tare shi a ƙofar coci ta ce, "Toto, ɗana, a da dutse muke da shi, kai ka mai da mana shi tsakuwa." Ya haɗiye. Ya rera waƙoƙin da wasu suka rubuta wa maƙogwaronsu, ya rubuta nasa, har aka wayi gari yaran da ba su san mawaƙin farko ba suna ɗauka shi ya kafa ƙungiyar. A wannan lokacin na fara ganinsa, a filin wasa na unguwar Jaro, ina 'yar shekara goma sha tara. Fitila ta haska shi, ya ɗaga hannu ɗaya, ya kai muryarsa can sama inda na ɗauka mutum ba ya kaiwa. Na ce wa ƙawata wannan zan aura. Ta ce in rage karanta littattafai. Shekara uku ke nan da aurenmu, kuma har yau Mawaƙina nake kiransa. Nakan ce masa da wasa, ranar da ya daina waƙa sai an sake gabatar mini da shi, don ba zan gane wanda na aura ba.

Gaskiya ne ina karanta ƙananan littattafan soyayya, kwali biyu gare ni a ƙarƙashin gado. Mutane na mini dariya, amma su suka koya mini cewa maƙarƙashiya ba ta zuwa da ihu. Da murmushi take zuwa, kuma kullum akwai sabon mutum mai ladabi. Namu sunansa Gerwin. Wata takwas da suka wuce aka ɗauke shi mai jita, bayan na da ya bi matarsa Kanada. Da farko amshi kawai yake yi. Yanzu duk inda waƙa ta haura sama, sai in ga Rodel ya ja baya taku ɗaya, Gerwin ya matso ya ɗauke. Waƙoƙi uku an sauke musu murya ƙasa, har wadda Rodel ya rubuta a makon aurenmu. Na tambayi Gerwin dalili, ya sosa kai ya ce, "Manang, yayata, ni abin da aka ce in yi nake yi, ki tambayi manya." Wane ne manya in ba Manong Eking ba?

Tun ranar na fara tara abubuwa. Sau biyu Manong Eking ya zo da babur ya ɗauki Rodel da safe, suka ce asibiti za su, wai tsohon yana son a raka shi. Mutumin da yake dukan ganga awa biyu bai yi haki ba! Na tabbata wani wuri yake kai shi yana lallashinsa ya sauka. Matarsa Manang Loleng, wadda ba ta taɓa ƙara wa kowa nama ba, ta cika mini kwano da miyar taliya ranar Lahadi, ta riƙe hannuna tana kallona kamar wadda aka yi wa rasuwa. A addu'ar da suke yi a da'ira kafin hawa dandamali, na ji da kunnena Manong Eking yana roƙon Ubangiji ya ba Gerwin ƙarfin ɗaukar nauyin da ke zuwa. Rodel yana tsaye a gefensa ya ce amin. Haka yake da tsarkin zuciya.

A gida ya yi shiru. Da safe ba ya magana sam, sai ya rubuta mini a 'yar takarda ya ajiye kusa da kofi: "Pangga, masoyiyata, na tafi," ko "Shinkafar ta yi daɗi." Da na ɗauka sabon salon soyayya ne, har ina adana takardun a cikin littafi. Yanzu na gane baƙin ciki ne ya ɗaure masa baki. Shayin citta yake sha kamar ruwa. Ya daina rera waƙa in yana wanka. In na ce ya yi mini baiti ɗaya sai ya sumbaci goshina ya fita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rubutun. Rodel yana yi wa lambar bakwai ɗamara a tsakiya, wani ɗan layi mai lanƙwasa da ya koya daga kakansa, ban taɓa ganin wani yana yin irinsa ba. Bakwai ɗin ranar 27 da ke cikin gangar tana da wannan ɗamarar. Kin ga zurfin shirin? Har hannunsa suka kwaikwaya, don in magana ta fito su ce shi ya rubuta da kansa. Na karanta irin wannan sau biyu, a ɗaya ma wasiyya ce aka yi wa haka.

Ban gaya masa na gani ba. Ina tsoron bai sani ba, in zama ni ce zan fasa masa zuciya. Mahaifiyata ta ce harkar ƙungiya ba ta mata ba ce. Amma in sun sauke shi a gaban jama'a da tafi da furanni, me zai rage masa? Me zai rage mana?

A wasan cika shekara akwai lokacin ba da shaida, kowa na iya hawa ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Na riga na ba da sunana. Zan karɓi makirufo in faɗi abin da na gani a cikin gangar, a gaban kowa.

Matar Mawaƙi, birnin Iloilo, ƙasar Filifin

*

Inday,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kina son mijinki, kuma idonki yana gani. Kin lura da abubuwan da mata da yawa za su wuce ba su kula ba. Amma ki janye sunanki daga masu ba da shaida, yau ɗin nan, kafin ki gama karanta amsata.

Ba zan ce miki ba a cutar mutum a ƙungiyar coci ba. Ana yi, kuma an fi yi da addu'a a baki. Ƙungiyar da ta ga mutum goma sha bakwai ta saba da rayuwa bayan kowa, kuma mai kafa ta yakan fi son sunanta a kan kowane ɗaya daga cikinsu. In Manong Eking ya matsa wa Rodel, bai kyauta ba, kuma akwai wurin faɗa masa haka. Ban san shi ba, ba zan wanke shi ba.

Amma ki zo mu sake jera abin da kika rubuto, ba tare da mugu a cikin labarin ba. Namiji ya daina magana da safe. Yana shan citta kamar ruwa. Ya daina waƙa a banɗaki, inda ba mai jinsa balle ya kore shi. An sauke wa waƙoƙinsa murya, wani yana ɗaukar masa wuraren da suka yi tsayi, shi kuma yana ja baya da kansa. Ya je asibiti sau biyu tare da tsohon da ke da cikakkiyar lafiya. Inday, wa ya raka wa?

Sai bakwai mai ɗamara. Ke kika ce ba wanda ke yin irinta sai shi. Ke kika ce a gangar nan kowa da hannunsa yake rubutu. Dattijo mai kiɗan ganga ba zai zauna yana koyon rubutun kakan wani ba, don ya ɓoye shi a inda sai fata ta yage ake gani. Ni ba likita ba ce, kuma daga nan ba na ganin maƙogwaron mijinki. Amma abin da ya fi kama da gaskiya shi ne Rodel ya rubuta ranar da hannunsa, kuma duk ƙungiyar ta sani, har mai miyar taliya. Ke kaɗai ba a gaya wa ba.

Wannan laifinsa ne, kuma kina da ikon jin haushi. Matarsa ce ke, bai kamata ki ji daga bakin ganga ba. Amma ki tambayi kanki me ya sa ya iya gaya wa abokan aikinsa ya kasa gaya miki. Kin ce masa ranar da ya daina waƙa ba za ki gane wanda kika aura ba. Ke wasa kike yi. Ina jin shi ya adana maganar yadda kike adana takardunsa.

In kika hau dandamali kika zargi mutanen da wataƙila rufa masa asiri suke yi, dole ya karɓi makirufo ya bayyana rauninsa a gaban cocin gaba ɗaya don ya kāre su daga matarsa. Shekara tara ya yi yana gina yadda za a tuna da shi. Kada ki zama ke kika rushe masa ranar ƙarshe.

Ga abin da za ki yi. Gobe da safe ki riga shi ajiye takarda kusa da kofi. Ki rubuta cewa kin ga cikin gangar, kuma Rodel kika aura, da murya ko babu. Kada ki rubuta Mawaƙina. Ki ajiye masa biro a gefe, don mai yiwuwa amsar ta fi masa sauƙi a rubuce. In ya ce tilasta masa aka yi, ku je tare wurin Manong Eking, in ta kama da fasto, a ɗaki mai ƙofa. In ya ce maƙogwaro ne, ranar komawa asibiti ke za ki raka shi.

Littattafanki kuma ki riƙe su, ni ma na karanta nawa. Sai dai duk suna ƙarewa ne ranar da yarinya ta sami mutumin da ke cikin hasken fitila, ba wanda ya rubuta miki abin da ake yi in ya sauko. Wannan ku biyu za ku koya.

Ubangiji ya ba shi lafiya, ya ba ki kunnen jin abin da zai faɗa. Ranar 27 ga Nuwamba ki zauna a layin gaba, inda zai gan ki in ya ja baya.

Manang Pilar