Ƙusoshin da ke Bayan Ƙyaure

Da sunan Allah, wanda ya ba ni aron numfashi kuma ya kusa karɓar abinsa.

Bana shekara arba'in da uku ke nan da ambaliyar da ta tafi da gadar kasuwa. A shekarar na kafa ƙyauren ɗakin mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta. Na faɗi wannan ne don ku san ƙwaƙwalwata tana nan daram. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarta, likita ya duba hoton ƙirjina ya kau da kai, amma hankalina ko gezau. Duk wanda ya ce tsufa ya taɓa ni a cikinku, ya zo in gaya masa shekarar da ya daina fitsarin kwance.

Ni kafinta ne, ko bihim ban sani ba. Malamar makarantar da ke haya a gidan kusa ita ke rubuta mini, kuma na sa ta yi alkawarin ba za ta shafa wa maganata zuma ba. In ta gama ta karanta mini, in dangwala yatsa.

Zuwa gare ku ku uku da kuka rage mini: Babba, da Mai Wuta, da ƙanwarku Tela.

Na ɗaya. Gida da shago da kayan aiki, Allah ya riga ya raba, ba na sa baki. Sai dai Barkono, marainiyar ɗan'uwanku, ba ta da gado tunda ubanta ya riga ni. Cikin kason da nake da iko da shi na ba ta ɗakin kakarta, inda take kwana, har da ƙyaurensa. Mai Wuta, na san ka auna wurin, kana son sa ƙofar ƙarfe. Ka sa a ɗakinka. Wannan ƙyauren ba a cire shi, ba a yi masa fenti, ba a zare masa ƙusa ko ɗaya.

Kun taso kuna ganinsa, amma ba ku taɓa tambayata ba, sai dariya. To ga karatunsa, kada ya mutu tare da ni. Kowane yaro na gidan nan yana da layinsa a bayan ƙyauren, daga hagu zuwa dama yadda aka haife ku. Ranar da ruwan farko ya sauka kowace shekara nakan tsayar da yaro in tsaga tsayinsa da wuƙa. In ya kwanta ciwo sai in kafa ƙaramar ƙusa a layinsa, sama da tsagar shekarar. In ciwon ya kai shi gadon asibiti sai in lanƙwasa kan ƙusar. Shi ke nan. Layin Babba ƙusa bakwai ne. Layin Tela biyar. Layi na uku, na ɗana Fara, wanda muke kira haka don siraran ƙafafunsa, ƙusa sittin da ɗaya ne, kuma tsagarsa ta tsaya a daidai ƙirjina.

Na biyu. Akwai laifin da na ɗauka shekara talatin da huɗu, yau zan sauke shi a gabanku.

Fara yana da shekara tara, yana kwance a ɗakin yara na asibiti yana ihun ƙashinsa, sai wasu masu fararen riguna suka zo. Suka ce bincike suke yi a kan yara masu irin wannan ciwon, suna roƙon jini kaɗan, kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba. Na tashi na ce musu jinin ɗana ba ruwan famfo ba ne. Na saɓa shi a kafaɗa na fito, ledar ruwa tana rataye ba ta ƙare ba. A layinmu har jinjina mini aka yi, wai namiji. Bayan shekara biyu na binne shi.

Ban ce da na yarda zai rayu ba, rai na Allah ne. Amma ya tafi ban san sunan abin da ya cinye shi ba. Muka ce sanyi, muka ce sammu, muka ce iska. Saboda ban sani ba, ban faɗa wa kowa ba. Ɗayan ɗan'uwanku, uban Barkono, ya yi aure ba gwaji, aka haife ta da sikila, ciwon nan na Fara. Taurin kaina ne ya tsallake ɗa ya sauka a kan jika. Yanzu kuma kuna so in mutu in bar ku ku maimaita? Ba da ni ba.

Na uku, kuma don shi na tara ku a takarda. Barkono za ta ci gaba da zama cikin binciken maganin sikila da asibitin yara ke yi, sai dai in ita da kanta ta ce ta gaji, ko likitarta ta ce a tsaya.

Babba, kunnena ɗaya ne ya mutu, ba biyu ba. Na ji ka a tsakar gida kana gaya wa matarka cewa ranar da aka kai ni makwanci za ka zare yarinyar, wai an mai da ita zakaran gwajin dafi. To saurara. Ni ba a yi mini wayo ba. Takardar amincewar nan sau uku na sa aka karanta mini ita, har ma'aikaciyar ta nemi ruwan sha. Na tambaya, in maganin ya cutar da ita fa? Ba su ɓoye mini ba, suka ce yana iya raunana jini, shi ya sa suke aunawa duk wata, in sun ga alama su dakatar. Na tambaya ko za a yi yawo da sunanta, suka ce lamba ce a kan kwalbar, ba suna ba. Na tambaya in mun fasa fa, suka ce ƙofa a buɗe take, kuma ba za a daina duba ta ba. Bayan duk wannan suka fitar da ni waje, ni da na kawo ta, suka tambaye ta ita kaɗai. Shekararta goma sha huɗu. Da ta fito na ce me kika ce musu, ta ce ta gaya musu ƙashin nata ne, ba na baffanta ba. Ba a banza muke ce mata Barkono ba.

Likitar da ke jagorantar aikin, wadda nake kira Mai Tambaya don ba ta gajiya da tambaya, ta taɓa neman sanin sau nawa yarinyar ta kwanta tun tana ƙarama. Na ce ta zo gida ta ƙirga. Ta ɗauka wasa nake. Ta zo, ta durƙusa a bayan ƙyauren da littafinta, tun hantsi har rana ta take, tana taɓa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Mai digiri a durƙushe, ni jahili a tsaye ina ba ta darasi! Da ta kai layin Fara sai ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa.

Shekarar da ta gabaci shigarta, ƙusa tara na kafa wa Barkono, huɗu a lanƙwashe. Bara kuwa ƙusa biyu, ba lanƙwasa. Na fara cika baki, Mai Tambaya ta kwaɓe ni. Ta ce yaro ɗaya ba ya zama hujja, mai yiwuwa maganin ne, mai yiwuwa shekarar ce ta zo da sauƙi, shi ya sa suke bin yara ɗaruruwa shekara da shekaru kafin su buɗe baki. A nan na ƙara yarda da ita. Na yi zama da masu magani iri-iri, ban taɓa ganin wanda ake yabon hajarsa yana cewa a dakata ba.

Ko da ƙusoshin za su koma tara, ba za a ce ta yi zaman banza ba. A bencin asibitin nakan ga iyaye mata da jarirai masu kumburarrun yatsu. Abin da aka gano a jikin Barkono su zai tarar.

Na huɗu. Babba, na san abin da ke cinka, ba mugunta ba ce. Kai ka goyi Fara a ciwonsa na ƙarshe, kana da shekara goma sha shida, ka ji lokacin da ya yi nauyi a bayanka. Tun daga ranar ba ka son warin asibiti. Sannan kana da 'yan mata uku, kana tsoron a ce gidanmu gidan ciwo ne, masu nema su gudu. Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka kai su a gwada su, kai ma Mai Wuta ka kai naka. Wanda zai gudu don ya ji gaskiya, gara ya gudu tun ba a kai ga jariri ba. Ni na ɓoye, ban ma san ina ɓoyewa ba, ga abin da na girba.

Na biyar. Shekara biyu ke nan Babba ba ya amsa gaisuwar Tela, don ita ta fara kai yarinyar gwaji ba da saninsa ba. Ni na aike ta. In fushi za ka yi, ga ni, ka yi sauri kafin in tafi. Ke kuma Tela, bakinki ya fi almakashinki kaifi. Kin kira yayanki matsoraci a gaban 'ya'yansa, ki je har ɗakinsa ki ba shi haƙuri. Ba na son ku haɗu a kan gawata kowa yana kallon bango.

Kada wanda ya ce wa Barkono ba za ta yi tsawon rai ba, ko da wasa, ko da tausayi. Kada a cire ta daga makaranta don ta yi rashin sati biyu. In ciwon ya tashi kada a tsaya shawara, a kai ta. In ta ce yana ciwo, yana ciwo, ba raki ba ne.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Na yafe muku, har da abin da kuke tsammanin ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna. Ku ci abinci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya ne a wata, kuma marainiyar nan ta zauna a tsakiya, ba a bakin tabarma ba.

Saura abu ɗaya. An gaya mini in mai riƙon yaro ya mutu, sai wani babba ya sa hannu a madadinsa, in ba haka ba a dakatar da yaron. Ba zan bar wannan ga zaman makoki ba, inda mai babbar murya ke yin nasara. Gobe da safe zan sa hulata, in kama hannun Barkono, Tela ta riƙe ni ta ɗaya gefen, mu hau motar farko zuwa asibiti, in dangwala yatsa cewa gwaggonta ce mai riƙonta bayana. Akwai gurbin shaida a takardar, Babba, na ce kada su ba kowa. Ƙarfe bakwai za mu fita. Ka zo ka sa hannu, ko ka zo ka tare ni a bakin titi. Ko wanne ka zaɓa, sai ka kalli idon yarinyar.